Wuta ta dawo, kulasta ya ƙi tashi: me kuka gani a wajenku?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Bazara ta shigo, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, rabon wuta ya dawo unguwa-unguwa. Tambayata ga masu riƙe da Kubernetes, manhajar da ke haɗa na'urori su zama kulasta guda mai gudanar da manhajoji, a kan na'urorinsu na ofis, ba masu hayar saba a Turai ba. Nawa na'ura uku ne, da k3s (ƙaramin nau'in Kubernetes) da etcd na cikinsa (ma'ajiyar bayanan kulasta). Wuta ta ɗauke, ta dawo, duk sun kunnu, amma kubectl, umarnin da ake magana da kulasta da shi, na cewa an ƙi haɗi a tashar 6443. Wanda ya ga irin wannan ya faɗa mana dalili da magani.

Malamin Ngaundare: Wa alaikumus salam. Kafin komai, buga date a kan kowace na'ura. Kubernetes duk a kan satifiket, wato takardar shaida ta dijital, yake tafiya, shi kuwa satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Tsohuwar kwamfutar da batirin CR2032 ɗinta ya mutu, tana kunnuwa agogonta ya koma shekarun baya, sai ka ga "x509: certificate has expired or is not yet valid" a journalctl -u k3s. Raspberry Pi 4 ma ba shi da agogon ciki ko kaɗan, sai a Pi 5 aka sa, shi ma sai ka jona masa batir. Ga Pi 4 a sayi ɗan agogon DS3231, a ƙara dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a config.txt. Sannan a zaɓi na'ura ɗaya mai agogon kirki a sa mata chrony, manhajar daidaita agogo, da layin local stratum 10 da allow, sauran su riƙa karɓar lokaci daga wurinta ko da intanet ba ta dawo ba. Satifiket ɗin k3s kansu shekara ɗaya suke yi, kuma lokacin da aka sake kunna k3s ne yake sabunta waɗanda suka kusa ƙarewa, don haka agogon da ya yi gaba ma ɓarna ne.

Ɗan Garwa: Malam, agogo daidai yake a duka ukun.

'Yar Marwa: To duba adireshi, Yaya. Kwamfuta na riga rawuta tashi. Idan DHCP ke raba adireshi, na'urar da jiya take .11 yau ta tashi a .14, alhali etcd ya rubuta kowane mamba da adireshinsa na tashar 2380. Sai kowanne ya zauna yana kiran ɗan'uwansa a gidan da ya riga ya bari. A kafe adireshi a kan na'urar kanta, ba a rawuta kaɗai ba, a kuma rubuta node-ip a /etc/rancher/k3s/config.yaml. Akwai wani kuma: k3s na neman hanyar fita ta asali don ya gane katin sadarwar da zai yi amfani da shi. In babu, ba ya tashi lafiya. Takardun k3s na girki ba intanet sun nuna yadda ake kafa hanyar bogi saboda haka.

Injiniyan Njamena: Ni tambayar da zan yi ta fi wannan ɗaci. Me ya kai ku etcd tun farko? Saba uku amfaninsu in ɗaya ta faɗi biyu su riƙe rinjaye. Amma ukun nan soket ɗaya suke sha, ɗaki ɗaya, wuta ɗaya. Tare za su mutu, tare za su tashi, kuma ba abin da zai motsa sai biyu sun ga juna. Saba biyu kuwa sun fi ɗaya muni, don rinjayen biyu shi ne biyu.

Ga asibitin unguwa ko makaranta mai manhaja huɗu ko biyar, saba ɗaya da SQLite, ƙaramar ma'ajiyar bayanan da k3s ke zuwa da ita, ta wadatar. Sauran su zama agent, wato masu ɗaukar aiki kawai. Ranar da aka samu wuta biyu mabambanta, sai a sake kunna sabar da --cluster-init, ta juye bayanan zuwa etcd da kanta. Google ta saki Kubernetes a 2014 da tunanin ɗakunan saba da ba su san ɗaukewar wuta ba. Rancher ta fito da k3s a 2019 don ƙananan na'urori, ta miƙa shi ga CNCF, gidauniyar da ke riƙe da Kubernetes, a 2020. To mu yi amfani da sauƙin da aka yi mana mana.

Malamin Ngaundare: Injiniya, ban ƙi ta taka ba, amma SQLite ba ya ɗaukar hoton ajiya, wato kwafin bayanai, da kansa. Dole mutum ya rubuta abin da zai riƙa kwafe /var/lib/rancher/k3s/server/db. Shi etcd na k3s yana ɗauka sha biyun dare da sha biyun rana, ya ajiye biyar na ƙarshe a db/snapshots. Wanda ba shi da tsari, etcd ya fi rufa masa asiri.

Injiniyan Njamena: Gaskiya ne Malam, sai dai hoton da ke kan faifan da ya ƙone ba ajiya ba ne. A fitar da shi waje. Kuma a haɗa da /var/lib/rancher/k3s/server/token, don da shi aka kulle sirrin da ke cikin ajiyar. In ba shi, hoton ba zai buɗu a sabuwar na'ura ba. Ɗan Garwa, in mambobin sun rikice: tsayar da k3s a duka ukun, a kan ɗaya ka buga k3s server --cluster-reset, in bayanan sun lalace ka ƙara --cluster-reset-restore-path da sunan hoton. Ka kunna ta yadda aka saba. A sauran biyun ka share server/db, su shigo a matsayin sababbi. Kada a ɗora etcd a kan katin SD. Duk rubutu sai ya jira faifai ya tabbatar, ana son hakan ƙasa da milisakan 10, kuma a k3s in mambobi mabiya suka yi sakan biyar ba su ji shugabansu ba sai su shiga sabon zaɓe. Ƙaramin SSD ya isa.

Mai sola a Kusiri: Ku dai kuna gyaran bayan faɗuwa, ni gara a hana faɗuwar. Ƙananan kwamfutoci uku, a ce wat 15 kowace, da suwic da rawuta wat 15, jimla wat 60. Batir 12V 100Ah na ɗauke da 1200Wh, rabi ake ci in na dalma ne mai ruwan asid, wato awa goma a lissafi, ƙasa da haka in an bi ta inbata. Zafi kuma na cin batirin: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, mu kuwa Afrilu sama da 40 muke gani. Kada a ajiye shi jikin bangon da rana ke duka.

Mai UPS (batirin ko-ta-kwana na kwamfuta) da ke da USB ya girka manhajar NUT, upsmon na cikinta ya kashe na'urori cikin tsari in batir ya yi ƙasa. A BIOS a sa na'ura ta kunna kanta in wuta ta dawo. Tarko ɗaya: in na'urar ta kashe kanta amma UPS bai yanke wuta ba, wuta ta dawo, BIOS bai ga wani canji ba, sai ta ci gaba da barci. Dole NUT ya umarci UPS ya yanke fitarsa a ƙarshe. A kubelet kuma, wakilin Kubernetes da ke kan kowace na'ura, shutdownGracePeriod sifili ne tun asali, sai an sa masa lokaci kafin ya tsayar da pod, wato manhajar da ke gudana a kulasta, cikin mutunci.

'Yar Marwa: Saura wanda ke zuwa bayan kulasta ya tashi: ImagePullBackOff, wato an kasa sauke imej, ƙunshin manhajar da pod ke tashi da shi. Duk imej mai alamar latest, ko marar alama, Kubernetes na sa masa Always, wato sai ya tuntuɓi rumbun imej na intanet ko da imej ɗin na kan faifai. Ba intanet, ba pod. A sa lambar siga da IfNotPresent. Amma kubelet na share imej da ba a amfani da su in faifai ya kai kashi 85, don haka a ajiye fayil ɗin tar a /var/lib/rancher/k3s/agent/images/, k3s na loda su duk sanda ya tashi. Nan ake sa k3s-airgap-images ma. Waɗanda na'urorinsu ke da yawa su kafa rumbun imej nasu, registry:2, a tashar 5000 da REGISTRY_PROXY_REMOTEURL, su nuna shi a registries.yaml, a sauke imej sau ɗaya kowa ya ci. Yana rage kuɗin data, yana kuma kare ku daga toomanyrequests, saƙon wuce iyakar saukewa, tunda rumbun Docker Hub da adireshi yake ƙirga wanda bai yi rajista ba, mu kuwa a layin waya mutane da yawa ke fita da adireshi ɗaya.

Ɗan Garwa: Allah ya saka da alheri. Adireshin ne, Hajiya, biyu sun yi musaya. Na mayar da kowace kan nata, etcd ya samu rinjaye. Yanzu pod na ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL ne ya tsaya a Pending, yana jira, don na'ura ta ukun ta sake mutuwa.

Malamin Ngaundare: In ma'ajin local-path kake amfani da shi, bayanan na cikin /var/lib/rancher/k3s/storage na waccan na'urar, pod ba zai koma ko'ina ba sai ta dawo. Kada ka share PVC, wato rijistar ma'ajin pod ɗin, sharewa na tafiya da bayanan. Buɗe na'urar ka hure ƙurar hunturu daga fanka, ka duba ko zafi ne ke kashe ta. Turo mana abin da kubectl describe pod ya nuna a ƙasa, wajen Events.