Me za mu kira "hamstring" da Hausa?

Mai fassarar labaran wasanni: Jama'a, a taimaka. Duk sanda ɗan ƙwallo ya dafe bayan cinya ya faɗi, Turawa su ce hamstring, mu kuma mu rubuta "rauni a cinya" mu wuce. To ai cinya na da gaba, tana da baya, tana da ciki. An ba ni shawarar agara. Ta yi?

Likitar gashin ƙashi: Malam, agara ba ta yi ba, amma bari in fara da abin da kalmar ke nufi. Tsoka 3 ce kwance a bayan cinya. Suna farawa daga ƙashin da mutum ke zama a kansa, ƙarƙashin ɗuwawu, su sauko su wuce gwiwa. Biyu suna kama ƙashin ƙwauri ta ciki, ɗaya ta kama kan siririn ƙashin da ke gefen waje. Ita ta wajen kai 2 gare ta, wato daga wuri biyu take farawa, guntun kan daga ƙashin cinya yake tasowa. Ka zauna a kujera ka ja diddige baya, ka lalubi bayan gwiwarka, za ka ji igiyoyi sun miƙe hagu da dama. Ƙarshensu ke nan. Da yake sun ƙetare gaɓa biyu, aikinsu ma biyu ne: su lanƙwasa gwiwa, su kuma ja cinya baya daga kwatangwalo.

Mahauci: Likita ta yi gaskiya. A wurinmu agara ita ce farar igiyar nan mai tauri ta ƙafar baya, wadda ake ratsa ƙugiya ta bayanta a rataye dabba. Ba tsoka ba ce sam.

Malamin Hausa: Daga nan ruɗanin ya fito. A Turanci, idan dabba ake magana, hamstring ita ce wannan agarar da Sarkin Fawa ya faɗa, don haka wanda ya fassara ta da agara bai yi ƙarya ba. Sai dai takwararta a jikin mutum tana bayan diddige, nesa da cinya. Jijiya fa, Likita?

Likitar gashin ƙashi: A'a, Malam, jijiya ta riga ta yi wa kanta kaya. Hanyar jini jijiya, mai kai saƙo daga laka jijiya, igiyar tsoka ma jijiya. Ga shi kuma babbar jijiyar da ke saukowa daga ƙugu ta nan bayan cinyar take bi. Wanda wannan jijiyar ta dame shi yana jin zafi kamar lantarki har ƙasan gwiwa, wani lokaci da sanyin ƙafa. Wanda tsoka ta yage masa kuwa lokaci guda yake ji kamar an jefe shi, yawanci yana tsaka da gudu, a daidai lokacin da ƙafa ta miƙa gaba za ta taka ƙasa, tsokar tana miƙewa tana kuma riƙe ƙwauri. Bayan kwana biyu wurin kan yi baƙi saboda jinin da ya kwanta. In muka ba ciwo biyun suna ɗaya, mutane za su kai mai yagewa wurin matsa da ruwan zafi a ranar farko, zubar jinin cikin ta ƙaru. Ƙanƙara ake so, a naɗe a tsumma, minti 15 zuwa 20, sau da yawa a kwana 2 na farko.

Malamin Hausa: To sai mu ce tsokar bayan cinya. Tana da tsawo, amma ko yaro zai nuna wurin. Mai kai 4 ta gaba, wadda ke miƙe gwiwa, ta zama tsokar gaban cinya.

Mai fassarar labaran wasanni: Raunin fa? Ina ganin mataki 1, 2, 3 a rahotanni.

Likitar gashin ƙashi: Na 1 ka ce ta ɗame, na 2 ta yage, na 3 ta tsinke. Na ƙarshen watanni yake ci, kuma idan daga ƙashin zama ta ɓalle, sau da yawa sai an yi tiyata.

Mahauci: Agara dai a bar wa diddige abarsa.