Zanzibar ko Diani? Zan tafi da Hajiya da yara uku a watan Afrilu

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina tara kuɗin wannan tafiya, lokaci ya zo kuma na kasa tsayar da gari ɗaya. Mu shida ne: ni da maiɗakina, yara uku, babbar shekararta 11, autan 4, sai mahaifiyata. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ba ta hawa bene, ba ta doguwar tafiya, kuma ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi lokacin da ta je Hajji. Don ita nake wannan fafutuka. Kwana bakwai za mu yi a tsakiyar Afrilu, domin lokacin ne yara suke hutu. Hankalina ya rabu tsakanin Zanzibar a Tanzaniya, ko dai Nungwi ko Paje, da kuma Diani a Kenya. Yaran ba wanda ya iya ruwa. Ina ne za su shiga ba fargaba, ita kuma Hajiya ta zauna ta sha iska ba tare da an wahalar da ƙafarta ba? Wanda ya je ya taimaka mini.

Ɗan Yawo:
Wa alaikumus salam Yaya. Zanzibar mana, ai ba ma abin tambaya ba ne. Na je da abokaina a Disamba, mun yi nitso mun ga kifaye kala-kala, mun shiga kwale-kwale zuwa tsibirin Changuu inda manyan kunkuru suke, wasunsu sun haura shekara ɗari. Da dare ku je lambun Forodhani a Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, ku yi ta zagaya lunguna har ku gaji.

Mai Kamara:
Alhaji ka bar su duka ka tafi tsibirin Lamu a Kenya. Tsohon garin yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2001. Ba motoci, jakai ne da kwale-kwale, ga ƙofofin katako masu sassaƙa, ga masallacin Riyadha inda ake babban Maulidi duk shekara. Rairayin Shela kuwa sai ka yi tafiyar awa ba ka haɗu da mutum goma ba.

Uwar Biyu:
Malam Baban Sadiya, tunda ka ambaci Paje ba zan iya yin shiru ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mun je ni da maigida da 'yan biyunmu. Wani mai shirya tafiye-tafiye ne ya turo mana hotuna: ruwa shuɗi yana taɓa ƙofar ɗaki, farin rairayi kamar gari. Muka biya kwana shida gaba ɗaya, saboda ya ce in ba mu biya a ranar ba za a ba wasu ɗakin. Mun iso da daddare ba mu ga komai ba. Da safe yara suka tashe ni tun kafin in gama addu'a, suka ja ni bakin teku da bokitansu na roba. Wallahi babu teku. Fili ne fetal na jiƙaƙƙen rairayi da duwatsu, ruwan yana can nesa kamar zare, mata suna sunkuye a tsakiyar filin suna ɗaure ciyawar teku a jikin turaku, ashe gonakinsu ne. Ɗana ya dube ni ya ce, Mama ina ruwan ya tafi?

Muka ce bari mu taka mu same shi. Ba wanda ya gaya mana a sa takalmi. Ba mu yi nisa ba 'yata ta ƙwala ihu, ta taka wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya, ƙayoyin suka karye a tafin ƙafarta. Maigida ya goyo ta muka dawo, ga rana ta take, ga yaro ɗaya yana kuka don ya ga jini. Wani masunci, Allah ya saka masa da alheri, shi ya nuna mana mu tsoma ƙafar a ruwa mai zafi kafin mu sami asibiti. Kwana uku yarinyar ba ta taka ƙasa ba.

Ɗakin da muka biya ma ba shi aka ba mu ba. Namu yana baya, a bene na biyu, tagarsa tana kallon janareta. Da muka kira mutumin ya ce kuskuren otal ne, otal suka ce abin da ya biya musu ke nan. Har muka dawo ba mu ga ko sisi ba, daga baya ma ya daina ɗaga waya. Ni dai na yafe Zanzibar duniya da lahira.

Na Gefe:
Anti ki yi haƙuri, amma wataƙila shi ma tekun hutu ya tafi, kun yi saɓani a hanya.

Uwar Biyu:
Da 'yarka ce ba za ka yi dariya ba.

Malamin Taswira:
Hajiya Allah ya kiyaye gaba, ya ba yarinya lafiya. Amma a yi wa wurin adalci. Abin da kika gani ɗabi'ar gaɓar gabas ce, Paje da Jambiani da Matemwe duk haka suke. Teku yana cika ya janye sau biyu a yini, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma gaɓar ta can shimfiɗaɗɗiya ce har zuwa duwatsun murjani, shi ya sa in ya janye yake yin nisa haka. Ya fi tsanani a farkon wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar, duk mai lissafin watan Musulunci zai iya sanin ranakun tun yana gida. Nungwi da Kendwa a arewa suke, gaɓarsu ta fi gangara, ruwa ba ya gudu sosai. Sai dai wannan gangarar ita ce abin lura ga yaron da bai iya ruwa ba, taku kaɗan ya kai masa wuya. Laifin na wanda ya karɓi kuɗinku ne bai yi muku bayani ba.

Uwar Biyu:
Malam ni ba lacca na biya kuɗi in sha ba, teku na biya.

Amarya 2023:
Innalillahi. Anti irin abin da ya faru da ƙawata ke nan, ita ma ta hannun dillali ta biya. Nawa ya karɓa a hannunku? Mu a Nungwi dala 90 muka riƙa biya duk dare har da karin kumallo.

Ɗan Yawo:
Dala 90 a Nungwi? A bakin ruwa? Mu 210 muka biya, kuma sai da muka yi ciniki.

Amarya 2023:
Mu a watan Mayu muka je, kuma tsakaninmu da ruwa tafiyar minti biyar ce. Tasi daga filin jirgi dala 35.

Ɗan Yawo:
60 aka karɓa a wurinmu.

Tsohon Dar:
Ku duka an sha ku, bambancin yawa ne kawai. Shekara huɗu na yi ina aiki a Darussalam, duk wata biyu sai na tsallaka Zanzibar ta jirgin ruwa, tafiyar kusan awa biyu ce. Daga kasuwar Darajani a Stone Town in ka hau daladala, wato motar haya ta gama-gari, zuwa Nungwi abin da za ka biya bai kai dala biyu ba in an canza shi daga shilin. Wanda ya je kwana biyar ya zauna a otal bai san Zanzibar ba, bai kamata ya riƙa ba mutane shawara ba.

Ɗan Yawo:
To Baba, mutum da tsohuwa da yara uku da akwatuna za ka cusa a daladala? Kuma yaushe rabonka da can?

Tsohon Dar:
2017 na baro.

Ɗan Yawo:
To ka gani. Tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatinsu, dala 44 ga babban mutum, ko da yana da tasa inshorar. Ka san da wannan? Ga kuma harajin da otal ke ɗorawa kan kowane mutum kowane dare. Farashin 2017 ba ya aiki yau.

Tsohon Dar:
Kuɗi na canzawa, yaro, amma teku da damina ba su canza ba. Kai da ka je a Disamba ka san me ake kira masika?

Baban Sadiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya Uwar Biyu na ji labarinki har cikin raina, na cire Paje. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa mini maganar Afrilu, ko maganar ƙafar mahaifiyata. Diani fa, ba wanda ya je?

Na Gefe:
In Lamu ce ai an huta, a samo wa Hajiya jaki mai ladabi.

Mai Kamara:
A'a, uwa ba abin wasa ba ce. Amma gaskiya na janye shawarata. Filin jirgin Lamu a tsibirin Manda yake, daga sauka sai an shiga kwale-kwale an tsallaka, kuma gidajen baƙi na tsohon garin yawancinsu dogaye ne masu matakala ƙunci. Ban karanta maganar gwiwa da kyau ba, a gafarce ni.

Maman Hanif:
Ni na je Diani sau biyu, na biyun da surukata mai shekara 70. Kimanin kilomita 30 ne kudu da Mombasa. Zuwanmu na farko mun sha jira a layin jirgin fito na Likoni, motoci sun yi cirko-cirko, zafi kamar ya kashe mu. Na biyu ƙaramin jirgi muka hau daga Nairobi ya sauke mu a Ukunda, minti goma muna otal. Abin da ya yi mana daɗi shi ne yawancin masaukan a shimfiɗe suke cikin lambu, ana samun ɗaki a ƙasa. Surukata kullum bayan la'asar sai a kai mata kujera ƙarƙashin bishiyar kwakwa ta zauna da carbinta, ba ta tashi sai an kira magariba. Ranar ƙarshe ta ce a riƙe ta ta tsoma ƙafa, ruwa ya taɓa ta ta yi ta hailala. Amma ka tambayi adadin matakalar da ke tsakanin lambu da rairayi, wasu wuraren akwai gangare. Kuma can ma ruwa yana janyewa, ka saya wa yara takalman roba. Ka rufe ƙofa in za ka fita, birai suna shiga ɗaki. In kun sami sarari ku leƙa Fort Jesus a Mombasa, ganuwar da Turawan Fotigal suka fara ginawa a 1593, sai dai can Hajiya ta jira ku a inuwa.

Malamin Taswira:
Dattijo ya taɓo masika bai ƙarasa ba. Ita ce babbar damina a duk wannan gaɓar, daga Maris zuwa Mayu, kuma Afrilu tsakiyarta ne, a Zanzibar da Diani baki ɗaya. Shi ya sa Amarya ta sami araha, wasu otal ma rufewa suke yi su yi gyara. Alhaji in ranakunka ba sa matsawa, ka duba Agadir a Maroko. Girgizar ƙasa ta rushe garin a 1960 aka sake gina shi, don haka tituna masu faɗi ne, akwai doguwar hanyar ƙafa shimfiɗaɗɗiya a bakin teku. Matsalarsa ruwan Atlantika sanyi gare shi, yara ba za su daɗe a ciki ba.

Amarya 2023:
Mu fa kwana biyu kawai aka yi mana ruwa cikin takwas.

Tsohon Dar:
Sa'a kuka yi 'yata. Na ga Afrilun da aka yi mako ba a ga rana ba.

Gimbiya:
Tunda an ambaci Maroko bari in faɗi abin da ke cina. A wani otal na bakin teku a can, na sa kayan wanka masu rufe jiki, waɗanda aka ɗinka musamman don ruwa, na shiga kwamin iyo da 'yata. Ma'aikaci ya zo a gaban mutane ya ce in fito, dokar otal ba ta yarda da irin kayan ba. A ƙasar Musulmi! Kuɗi ɗaya na biya da kowa. Na koma ɗaki na yi kuka. Baban Sadiya ka tambayi wannan a rubuce kafin ka biya, saboda maiɗakinka.

Maman Hanif:
Subhanallah. Ni a Diani ba wanda ya hana ni, amma kallon da ake yi maka ma ya isa. Ga samarin bakin teku masu tallan yawon kwale-kwale, mace ba ta zama minti biyar ba a tsaya a kanta ba.

Uwar Biyu:
A Paje ma haka. Ana rubuta wa otal "ya dace da iyali" alhali ana kiɗa har ƙarfe uku na dare, kwalabe a kan kowane teburi.

Ɗan Yawo:
To ai wurin hutu ne na kowa da kowa Anti, ba za a hana wasu don wasu ba.

Gimbiya:
Ba mu ce a hana kowa ba, Malam. Cewa muka yi su faɗi gaskiya a tallansu, kuma kada a kore mu daga ruwan da muka biya. Akwai wadda ta taɓa samun otal mai lokacin iyo na mata zalla? A wane gari, kuma nawa?

Amarya 2023:
Yayata ta samu a Alanya ta Turkiyya, kwamin mata daban a kewaye. Bari in tambaye ta kuɗin.

Baban Sadiya:
Jama'a, wanda ya taɓa zuwa Diani a cikin Afrilu fa?