Sulken da na sa wa barade na Ingila a Watalu

Mai_Buroshi28:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku na yi ina fentin 'yan mutum-mutumin mahaya goma sha biyu, na roba, masu tsayin milimita 28, don wasan tebur na yaƙin Watalu (Waterloo), wanda sojojin Napoleon na Faransa suka gwabza da Ingila da ƙawayenta ranar 18 ga Yuni 1815. Burina in samu dakarun Life Guards, masu tsaron sarkin Ingila. Da ban sami nasu ba, sai na ɗauki wasu mahayan Faransa da nake da su a kwali, masu sulken ƙirji da kwalkwali mai zanko, na shafa musu jar riga, sulken na yi shi launin ƙarfe, dawakin duk akawal, ban da na mai busa bigila da na yi kili. Kowane doki sau uku na bi shi da fenti kafin baƙin ya kwanta yadda nake so.

Ranar Asabar na jera su a tebur, sai abokin wasana ya ɗaga ɗaya, ya juya shi, ya ce ai babu Baturen Ingila da ya sa sulke a Watalu. Abin ya tsaya mini a rai, don da sulke nake ganin su a hotunan fareti tun ina yaro. Gaskiya ya faɗa? In kuwa haka ne, in kankare sulken da wuƙa ko in bar su?

Tsohon_Barde:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ya gaya maka. Sai a 1821, lokacin naɗin Sarki George na IV, aka ba Life Guards sulken da kake gani a fareti, shekara shida bayan yaƙin. A Watalu suna cikin birged ɗin Janar Somerset tare da Royal Horse Guards da King's Dragoon Guards, kuma da rigar ulu kawai suka afka wa masu sulken Faransa kusa da gonar La Haye Sainte. Shi ya sa nake ganin wannan kuskuren ya fi na maɓalli ko na igiyar kafaɗa nauyi. Labarin karon nan kacokan shi ne marasa sulke sun tunkari masu sulke, to in ka sa wa ɓangarorin biyu ƙarfe, me ya rage na labarin?

Hauwa_Minis:
Malam, kada ka sa wuƙa. Za ka ɓata ƙirjin ne a banza, kuma ƙarƙashin sulken babu rigar da aka sassaƙa. Yadda ka kwatanta kwalkwalin, zanko maimakon gezar doki mai zubowa baya, karabiniye ne a hannunka, wani rukunin sojan doki na Faransa. Mayar da su gidansu. Farar riga mai shuɗi mai haske a wuya, sulke da kwalkwali ruwan tagulla, zanko ja. Napoleon ne ya ba da umarnin sa musu sulke a ƙarshen 1809, bayan asarar da suka yi a yaƙin Ostiriya. Kafin nan shuɗiyar riga da doguwar hular gashi suke sawa. Rajimanti biyu ne kacal, kuma duka biyun sun halarci Watalu ƙarƙashin Janar Kellermann.

Dawakinka ba sa buƙatar komai, su ma baƙaƙe suke hawa, mai bigila a kan kili. Shimfiɗar sirdi kaɗai za ka canza. In za ka cire jan fentin, jiƙa mahayan a sifirit na aisofurofil, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Ka nisanci asiton, sinadarin nan na goge jan farce, yana narkar da roba.

Mai_Buroshi28:
Allah ya saka da alheri, Baba Barde, maganar karon nan ta shige ni. Hajiya Hauwa, na duba kwalin, karabiniye ne kuwa. Abin da ya fi sanyaya mini rai shi ne dawakin, don a kansu na fi shan wahala. Na ɓamɓaro mahaya uku daga sirdi na jiƙa su tun la'asar, jan ya fara saki. Tambaya ɗaya ta rage: farar rigar, a kan toka-toka zan ɗora ta ko kai tsaye a kan farin shafen farko? Ina tsoron ragowar jan ya ɓullo ta ƙasa ya mayar da ita ruwan hoda.