Tsutsar Ciki da Ta Daina Jin Magani

A tattaunawarmu da wani likitan dabbobi a Zangon Tudun Wada, maganar tsutsar Haemonchus mai shan jinin tumaki da awaki da damina ce ta fi ɗaukar lokaci. Ya ce ɗura magungunan tsutsa irin su albendazole ko ivermectin barkatai, da rage awo don tattali, su ke sa tsutsa ta daina jin magani. Abin ya taɓa ni, don haka muke yi a gida.

Ya ce a ja fatar idon dabba ta ƙasa: in cikin ya yi fari fat, alamar ƙarancin jini ke nan, a ba ta magani gwargwadon nauyinta, masu ja kuwa a ƙyale su. Bayan kwana 14 a kai kashin waɗanda aka ba magani gwaji, don a ga ko maganin ya yi aiki. Sabuwar dabba a keɓe ta tukuna.