Sankarar jini nau'in AML: abin da muka gani a wajen jinya

Wani ɗan'uwa daga Jega: Assalamu alaikum. An ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugun ƙanena mai shekara 24 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma sakamako ya nuna sankarar jini ce nau'in AML, wato mai saurin tsananta da ke farawa a cikin ɓargo. Ina roƙon waɗanda suka taɓa jinyar wannan cuta su faɗa mana maganin da aka yi musu da abin da likitoci suka ce game da warkewa.

Wata uwa daga Argungu: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Yarona an fara masa da tsarin da ake kira 7+3, wato kwana 7 ana ɗura masa maganin sankara mai suna cytarabine ta jijiya, a kwana 3 na farko kuma ana haɗawa da daunorubicin. Makonnin da suka biyo baya su ne suka fi tsanani, domin jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, dasashinsa yana zubar da jini, kuma ko ɗan zazzaɓi ya taso sai an gaggauta masa allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ka tara masu ba da jini tun yanzu, ɗana. Da cutar ta lafa ma ba a dakata ba, an ci gaba da cytarabine mai ƙarfi don kada ta dawo.

Wani malami daga Yauri: Hajiya ta yi gaskiya. Mahaifinmu ya haura 70, jikinsa ba zai jure wannan ba, sai aka sa shi a kan azacitidine, ya samu sauƙi na ɗan lokaci kafin Allah ya karɓi ransa. Likita ya bayyana mana cewa ko a ƙasashe masu wadatar kayan aiki, kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 60 ne ke warkewa, tsofaffi kuwa kashi 5 zuwa 15.

Wata 'yar'uwa daga Zuru: Yaya, ka nace a faɗa muku ainihin nau'in cutar. Nawa APL ne, wato wani reshe na AML, an ba ni magungunan ATRA (dangin bitamin A) da arsenic trioxide, kuma a wannan nau'in fiye da kashi 90 na samun waraka idan an fara magani da wuri. Idan kuma aka ce nasa yana buƙatar dashen ɓargo, kowane shaƙiƙinsa yana da damar 1 cikin 4 ta ɓargonsa ya dace da nasa sosai.

Ɗan'uwa daga Jega: Na gode, Allah ya jiƙan mahaifin Malam. Mu biyar ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gobe zan tambayi likita nau'in cutar da inda za a gwada mu.