'Yancin murgu: kalmar da nake son mu duba tare

Jama'a, wata kalma ta hana ni sakat tun makon jiya. Ina shirya darasin tarihi ga ɗaliban ajin yamma da nake koyarwa, sai na ci karo da neo-colonialism, kalmar nan da Kwame Nkrumah ya yayata bayan Ghana ta samu 'yanci a 1957. A rediyo an saba cewa "sabon mulkin mallaka", ni ma haka na rubuta a allo. Wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai, da ke zuwa aji da goyonta, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in sabo ne, ke nan Turawan sun tafi sun sake dawowa?"

Gaskiyarta. Fassarar ba ta nuna mata komai ba. Abin da ake nufi shi ne ƙasa ta sauke tutar Bature ta ɗaga tata, ta samu kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗan ƙasa ya shiga gidan gwamna, alhali kuɗinta da ma'adinanta da tsaronta suna hannun wanda aka yi wa rakiya.

Magabatanmu sun fi mu tsantseni wajen kalmomi. Abin da Jihar Arewa ta samu ranar 15 ga Maris 1959 sun kira shi mulkin kai. Na 1 ga Oktoba 1960 kuwa, da na Nijar ranar 3 ga Agusta 1960, 'yancin kai. To daga ina 'yanci ya fito? Daga 'ya'ya, kishiyar bayi. Shi ya sa a Sakkwato da Nijar, inda ake cewa ɗiya, za ka ji ɗiyauci. Ashe da kalmomin zamanin bauta aka fassara mana wannan al'amari tun farko. Sai na ce bari in koma wannan rumbun in laluba.

Nan na tuna da murgu. Kakata ta wajen uwa ce ta fara gaya mini kalmar, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta ce a da, ubangida kan sallami bawansa ya tafi ya nemi na kansa, ya yi rini ko saƙa ko dako, ya kwana inda ya ga dama. Wanda ya gan shi a kasuwa yana ciniki ba zai bambanta shi da ɗa ba. Sai dai akwai wuri da aka yanka masa, kullum ko mako-mako, da zai kai gidan ubangida, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wannan kuɗin shi ne murgu. Har yau ina jin yadda ta rage murya da ta zo wurin "ko ba ta yi ba".

Don haka shawarata: 'yancin murgu.

Ku gwada ta a kan tarihi ku gani. A Afrilun 1961 Nijar da Dahomey (Benin ta yau) da Kwaddebuwa suka sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa, a cikinta har da sharaɗin cewa Faransa ce a gaba wajen sayen ma'adinai irin su yuraniyom. Shekara goma bayan nan aka fara fitar da shi daga Arlit, a arewacin Nijar. Kuɗin sefa, da aka ƙirƙiro a 1945, ya tsallake ranar 'yanci lafiya lau: a Faransa ake buga takardunsa, kuma har zuwa gyaran da aka sanar a ƙarshen 2019, rabin ajiyar kuɗin waje na ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da shi yana baitulmalin Faransa. A Janairun 1994 aka karya darajarsa da rabi a dare ɗaya. Ɗan kasuwar Maraɗi ya kwanta da jaka goma, ya tashi jakar tana nan goma, amma a kayan waje na jaka biyar za ta saya. Mu ma a Najeriya an ɗaura mana yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1960, sai da ɗaliban Ibadan suka yi tattaki har majalisa a Legas, aka soke ta a Janairun 1962.

Wanda ya ƙi tsarin kuma ya ga abin da ya gani. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, kan ko ƙasashen da Faransa ke mulka za su ci gaba da zama ƙarƙashin inuwarta, Gini ta ce a'a, Faransawa suka kwashe ma'aikatansu da kayan aiki cikin 'yan makonni. A Nijar Djibo Bakary, shugaban gwamnati a lokacin, ya nemi a ce a'a, ya sha kaye, a 1959 aka haramta jam'iyyarsa.

Wani abokin aikina ya ce me zai hana fansa? Na ce fansa tana da adadi, tana da ranar gamawa. Ita ta dace da Haiti, wadda bayi suka ƙwaci 'yancinta da jininsu a 1804, sannan a 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta yanka mata faran miliyan 150 kafin ta amince da ita, aka rage zuwa miliyan 90 a 1838, kuma da bashin bankunan Faransa ta fara biya. Murgu kuwa ba ya ƙarewa da kansa.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce talala. Kowa ya san ɗaurin talala, ya ga akuya da doguwar igiya tana kiwo tana zaton sake take. "'Yancin talala" ya fi sauƙin shiga kunnen yaro, wannan na yarda. Amma talala igiya kawai take nunawa. Murgu yana nuna inda gumin yake zuwa.

Na san inda za a soke ni. Matasa da yawa ba su taɓa jin murgu ba. Kuma kalma ce mai ciwo, akwai gidajen da har yau ake yi wa gori da asali, ba na so in ba mai gori makami. Ina dai ganin tunda mun karɓi 'yanci da mallaka daga wannan tarihin, bai kamata mu tsallake ta ukun ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce kalmar tana ɗora laifin duka a kan baƙo. Wannan ya sa nake so mu ajiye wata kusa da ita: sawaba. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Jam'iyyar Neman Sawaba aka kira ta, jam'iyyar Djibo Bakary ma Sawaba ce, kuma sunan da Hajiya Gambo ta ɗauka ke nan ta yi ta shiga kurkuku da shi. Sauƙi talaka yake nema daga haraji da jangali da aikin tilas da bulalar dogari. Bature ya tafi a 1960, amma talakan Kano da Kaduna bai rabu da haraji da jangali ba sai da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau mulki a 1979. Shekara 19 ɗin nan ba Bature ne yake karɓa ba.

Ranar Litinin zan goge abin da na rubuta a allo. Zan ce wa mai ƙosai 'yancin murgu shi ne abin da ke tsakanin ƙasa da tsohon ubangidanta, rashin sawaba kuma abin da ke tsakanin talaka da shugabansa. Kafin nan, 'yan'uwa na Damagaram da Tawa da zangunan Kumasi, a wajenku ana cewa murgu, ko akwai wani sunan da tsofaffinku suke kiransa da shi?