Me yasa suka ƙi haska jawabin Obama amma suka haska na Trump?

Mai_Nazari: Salam jama'a, wai me yasa a Nuwamban 2014 manyan tashoshin talabijin na Amurka, ABC da NBC da CBS, suka ƙi haska jawabin Obama kan baƙin haure kai tsaye, amma a Janairun 2019 da Trump yazo da maganar katangar iyakar Amurka da Meziko duk suka haska? Ba son kai bane wannan?

Mai_Sauraro: Malam ai lokacin an rufe wasu ma'aikatun gwamnati saboda rigimar kuɗin katangar, kuma yana gamawa suka ba Pelosi da Schumer, jagororin jam'iyyar Democrat a majalisa, fili suka maida martani.

Gaskiya_Ɗaya: Kai ɗan uwa bar zancen nan, a ganina kuɗin talla ne kawai, Trump na jawo masu kallo wallahi. Na Obama ai Univision, tashar masu jin Sifaniyanci, ta haska, ita ta san masu kallonta.